Sharhi Kan Sikelin Awon Jiki na Lantarki da Kilon da Ke Ƙaruwa Cikin Dare

A 'yan shekarun nan shagunan sayar da magani da na kayan lantarki a Birnin Kebbi sun cika da wani irin sikelin awon jiki na gilashi, wanda faɗinsa bai wuce tayil guda ba, kuma ban da nauyi yana iƙirarin auna kitse da ruwa da tsoka da ƙashi, sannan ya tura sakamakon zuwa wayar mai shi ta Bluetooth. Akasarinsu daga ƙasar Sin ake shigo da su, kuma sau da yawa ƙira ɗaya ce ake buga wa sunaye daban-daban a jikin kwali, saboda haka abin da zan faɗa ya shafi irin sikelin ne gaba ɗaya. Na sayi nawa bayan likita ya umarce ni da in rage ƙiba saboda hawan jini, kuma tun kafin azumin da ya gabata ni da maiɗakina muke hawansa da safe, daga baya kuma ya shiga cikin kayan jinyar mahaifiyata. A awon nauyi na same shi mai gaskiya, a awon kitse da ruwa kuwa ƙiyasi yake yi wanda bai kamata a gina komai a kansa ba. Abin da ya fi damuna shi ne ita kanta gaskiyar tasa tana iya karya gwiwar mai rage ƙiba idan bai san abin da lambar take nufi ba, kuma babu layi ko ɗaya a takardar cikin kwalin da ya yi wa mai saye wannan bayani.

Ƙirarsa ba ta da laifi. Gilashin mai kauri ne, akwai faifan ƙarfe huɗu a samansa inda tafin ƙafa ke sauka, yana ɗaukar nauyi har kilo 180, kuma yana nuna bambanci daga giram 100 zuwa sama. Da ƙananan batura yake aiki, da an taka shi yake kunna kansa, kuma lambobinsa suna da hasken da za a iya karantawa da asuba ko babu wutar lantarki.

Gwada gaskiyar sikeli ba ya bukatar wani kayan aiki na musamman, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Na hau shi hannu wofi, na sake hawa riƙe da gorar ruwa mai lita 1.5, lambar ta ƙaru da gwargwadon abin da ya kamata. Jakar fiya wata mai leda 20, kowace rabin lita, ta nuna kilo 10 da ɗan abin da ba a rasa ba. Da na kwatanta shi da sikelin asibiti a rana ɗaya, bambancin bai kai rabin kilo ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, wato a ɗora shi a kan siminti ko tayil mai tauri da ke shimfiɗe bai ɗaya, domin nauyin yana sauka ne a kan 'yan ƙafafunsa huɗu, kuma a kan kafet ko darduma ko daɓen da ya faffashe yana iya yin kuskuren kilo ɗaya ko fiye. Akwai kuma wata ɗabi'a tasa da ban ji daɗinta ba: idan mutum ya sauka ya sake hawa nan take, sikelin yakan maimaita lambar farko ko da an ɗan ƙara nauyi, kamar a riƙe kofin ruwa, sai an ɗauki abu mai nauyi sosai sannan yake sake lissafi daga farko. Wannan yana sa mai shi ya ɗauka ba ya taɓa saɓawa, alhali tuna lambar baya yake yi.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Wanda ya fara rage abinci yakan ga kilo 2 ko 3 sun zube a makon farko, ya yi murna, sai wata safiya ya hau ya tarar da kilo ɗaya da rabi sun dawo tsakanin jiya da yau. Haka ta faru ga maiɗakina bayan wani bikin 'yan uwa a Argungu, inda aka ci tuwon shinkafa da waina da nama mai yaji, aka kuma sha zaman mota zuwa da dawowa. Da ta sauka daga kan sikelin sai ta ce mini, “Malam, ashe wahalar banza nake yi, na hana kaina tuwo duk tsawon lokacin nan, ga shi dare ɗaya ya mayar da ni inda na fito.” Ranar ko karin kumallo ta ƙi yi. Na tabbata akwai gidaje da yawa a garin nan da aka yi irin wannan magana, kuma wasu daga nan suke watsar da ƙoƙarin baki ɗaya, wasu kuma su koma horar da kansu da yunwa, dukansu a kan lambar da ba ta da alaƙa da kitse.

Lissafin a fili yake. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), babban mutum kuwa yana bukatar tsakanin 2,000 da 2,500 a rana. Kafin kilo ɗaya na kitse ya taru cikin dare, sai mutum ya ci abincinsa na ranar, ya ƙara da na kwana uku a kai, kuma jiki ya mayar da duka kitse kafin gari ya waye. Babu bikin da ake irin wannan ci. Abin da ke hawa da sauka da irin wannan sauri ruwa ne da abin da ke cikin hanji. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin namiji baligi ruwa ne, na mace kuma ya ɗan gaza haka, yana kusa da rabi ko ya ɗan haura. Mutum mai kilo 80 yana yawo da lita 48 ko kusa da haka, kuma idan wannan ruwa ya ƙaru da kashi 2 cikin 100 kacal, sikeli zai nuna ƙarin kilo guda. Saboda haka bambancin kilo ɗaya zuwa biyu tsakanin yini da yini abu ne da ake gani a jikin lafiyayye.

Gishiri ne kan gaba a cikin masu riƙe ruwan, kuma a nan ne abincinmu ya fi shiga. Jiki yana kiyaye yawan sinadarin sodiyam a cikin jini a kan wani ma'auni da ba ya yarda ya kauce masa, kuma ma'aunin yana kusa da na ruwan da ake ƙara wa marar lafiya a asibiti, wanda ke da giram 9 na gishiri a kowace lita. Idan gishiri ya shigo fiye da kima, sai ƙishirwa ta taso, ƙoda kuma ta rage fitar da ruwa, har a sami abin da zai tsarma shi, kuma wannan ruwa yana nan a jiki sai ƙodar ta gama fitar da rarar, abin da kan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda. Duk wanda ya san tukunyarmu ya san muna wuce nan da nisa. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne, kuma ana jefa shi ne a kan gishirin da aka riga aka zuba. Yajin tsire da na balangu da kilishi duk da gishiri da dunƙule ake haɗa su, haka ma ƙullin garin da ke cikin taliyar yara. Ga kuma kanwa, wadda mutane da yawa ba sa lissafa ta cikin gishiri domin ba ta da ɗanɗanonsa, alhali ita ma sodiyam ce, ko a ɗanwake ta shigo, ko a miyar yauƙi, ko a kunu. Na lura a jikina cewa duk daren da na ci tsire, washegari sikelin yana sama, zobe yana matse yatsa, kuma zuwa kwana na biyu ko na uku fitsari ya yawaita, lambar ta koma inda take.

Na biyu shi ne sukarin ajiya, wanda likitoci ke kira gilaikojin, kuma mu mutanen ƙasar shinkafa ya kamata mu fi kowa saninsa. Jiki yana adana wani kaso na abin da ya samu daga shinkafa da gero da dawa da masara a cikin hanta da tsoka, kimanin giram 400 zuwa 500 a jikin babba, kuma kowane giram yana zaune ne tare da kusan giram 3 na ruwa. Idan aka haɗa, ajiyar da ruwanta sun kai kusan kilo 2. Wanda ya yanke tuwo da fura da burodi, wannan ajiya ce jikinsa ke fara cinyewa, ruwan da ke tare da ita ya fita ta fitsari, kuma ita ce akasarin kilon da ke zubewa a makon farko. Ranar da ya zauna ya ci tuwon shinkafa ya ƙoshi, ajiyar za ta sake cika, ruwanta ya biyo ta. Ƙari a kan haka, irin wannan abinci yana ɗaga sinadarin insulin, shi kuma yana sa ƙoda ta riƙe sodiyam. Ke nan murnar makon farko ta wuce gona da iri, baƙin cikin bayan biki ma haka, kuma kitsen da aka rage a tsakanin yana nan a rage, babu abin da ya dawo da shi.

Sauran dalilan ba sa bukatar dogon bayani. Abinci da abin sha suna da nauyinsu tun kafin jiki ya sarrafa su, kuma mai taurin bayan gida, wanda ya yawaita ga masu rage abinci, yana ɗauke da na jiya da na shekaranjiya. Mata da yawa suna tara ruwa a 'yan kwanakin da ke gaban al'ada, ya sauka bayan ta fara. Wanda ya soma motsa jiki bayan dogon hutu, tsokarsa takan riƙe ruwa yayin da take gyara kanta, sai ya ga nauyi ya ƙaru a makon da ya fi wahala. Ƙarancin barci da damuwa suna da nasu tasiri, doguwar tafiya a mota irin ta Birnin Kebbi zuwa Abuja tana tara ruwa a ƙafa, zafin bazara kuma yana yin duka biyun, ya zubar da ruwa ta gumi, ya kuma kumbura idon sawu. A watan azumi na ga bambancin da ya haura kilo 2 tsakanin la'asar da bayan tarawihi a rana ɗaya. Ko a daren da ba a ci komai na daban ba, mutum yakan wayi gari ya fi yadda ya kwanta sauƙi, saboda ruwan da ya fita ta numfashi da gumi da fitsarin asuba.

Ita kanta yunwar tana iya tara ruwa, kuma wannan ne ya kamata masu horar da kansu su ji. A shekarun 1944 zuwa 1945, wani masani mai suna Ancel Keys ya jagoranci bincike a Jami'ar Minesota ta Amurka, inda aka sa maza 36 a kan kusan rabin abincin da suka saba har tsawon makonni 24, suka rasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Da tafiya ta yi nisa, da yawansu ƙafafu da fuska suka kumbura, saukar nauyi ta ja baya duk da suna ci gaba da ramewa, kuma da aka fara ƙara musu abinci wasu nauyinsu ya fara sauka ne kafin ya hau, domin ruwan da ya taru ya fita. Babu mai rage ƙiba da ya kamata ya kusanci irin wannan hali, amma binciken ya nuna cewa tsayawar lamba a sikeli ba hujja ba ce ta a ƙara matse ciki.

A nan ne sikelin ya gaza yi wa mai shi adalci. Wanda ya rage kalori 500 a rana, wanda shi ne gwargwadon da ake yawan ba da shawara, yana ƙona kimanin giram 65 na kitse a yini, kusan rabin kilo a mako. Sikelin kuwa daga giram 100 yake fara gani. Ke nan ci gaban yini guda bai ma kai abin da na'urar za ta iya nunawa ba, alhali ruwa yana motsa lambar da giram 1,000 ko fiye. Manhajar da ke tafe da shi, wadda ya kamata ta warware wannan, sai ta ƙara dagula shi, domin tana kwatanta yau da jiya ne kawai, ta sa kibiya ja idan an hau, koriya idan an sauka, kuma ban ga inda take fitar da matsakaicin mako ba. Da Turanci take, tana neman adireshin imel kafin ta buɗe, kuma wani lokaci sai an yi ta kashe Bluetooth ana kunnawa kafin ta ga sikelin. Mun bar ta mun koma ga littafi da biro. Muna hawa da safe bayan fitsari, kafin a ci ko a sha, da tufa iri ɗaya, a wuri ɗaya, mu rubuta. Ranar Juma'a a tara lambobi bakwai a raba gida bakwai, a kwatanta da na makon jiya. Maiɗakina kuma tana kwatanta mako da takwaransa na watan baya saboda al'ada. A wannan lissafi ne ta ga cewa makon bikin Argungu ma bai fi wanda ya gabace shi da wani abin kirki ba, na bayansa kuwa ya sauka ƙasa da duka biyun. Mun ƙara da tef ɗin tela muna auna ƙugu daidai cibiya, domin shi tsiren dare ɗaya ba ya ruɗa shi kamar yadda yake ruɗa sikeli.

Mai karatu zai iya cewa ai sikelin yana auna ruwan jiki, don haka shi ne zai raba gardama. Don wannan fata na biya kuɗin da ya kusa ninka na sikeli marar wannan aiki, kuma a nan ne na fi ganin rauninsa. Yadda yake yi shi ne ya tura wata 'yar wutar lantarki da ba a jin ta, ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗaya, ya auna yadda jiki ya tare ta, domin ruwa da tsoka suna barin ta ta wuce, kitse kuwa yana tare ta. Daga nan sai ya haɗa da shekaru da tsawo da jinsin da aka shigar masa, ya fitar da lamba. Wutar ba ta bi ta ƙirji ko hannuwa sosai, ƙafafu da ƙasan ciki take ratsawa, sauran jikin kuma cike gurbi ne. Na sha ruwa mai yawa na hau nan take, sai ya nuna kitsena ya ƙaru, domin nauyi ya hau amma ruwan yana ciki bai kai ga ƙafa ba. Na hau da danshin alwalar asuba, na sake hawa bayan ƙafa ta bushe, lambar kitse ta bambanta cikin 'yan mintuna. A lokacin hunturu kuwa, da kaushi da faso suka kama diddige, sau da yawa nauyi kaɗai yake nunawa, sauran ya ƙi fitowa. Na'urar da ke kiran ruwa kitse a daidai ranar da mai ita yake cikin fargabar kitse, ba ta taimake shi ba. Takardarsa ta yi gargaɗi, da ƙananan haruffan Turanci, cewa mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji kada ya hau, mai juna biyu ma ta guje wa wannan awo, kuma wannan gargaɗi ne da ya cancanci a buga shi a bayan kwali da manyan baƙaƙe, da Hausa.

Akwai wani abu da ya faru a shagon da na saya wanda ba zan iya yin shiru a kansa ba. Ina biyan kuɗi yaron shagon ya miƙo mini wani kwalin shayi ya ce, “Alhaji, ka haɗa da wannan, kwana biyu za ka ga aiki a sikelin.” Gaskiya ya faɗa cewa za a ga aiki, domin yawancin irin wannan shayi na rage tumbi suna ɗauke da ganyen da ke sa gudawa, irin su filasko, ko abin da ke sa fitsari. Sikeli mai nuna giram 100 da shayi mai zubar da ruwa, idan suka haɗu a hannun wanda bai san bambancin ruwa da kitse ba, za su riƙa gaskata juna kowace safiya, shi kuwa yana bushewa. Wasu ma har ƙwayar furosemide mai sa fitsari suke saya ba tare da likita ba. Ruwan da aka kora ta wannan hanya yana tafiya da sinadarin fotasiyam wanda bugun zuciya ya dogara da shi, yana wahalar da ƙoda musamman a zafinmu da ke haura digiri 40, kuma da an daina sha jiki yakan riƙe ruwa fiye da da, sai mai shi ya ɗauka dole ya koma. Rage shan ruwa don lamba ta sauka shi ma kuskure ne mai haɗari, kuma ƙoda tana bukatar ruwan kafin ta fitar da gishirin da ya jawo matsalar.

Duk abin da na faɗa a kan lafiyayye ne, kuma ba kowane ruwa ne ake jira ya sauka da kansa ba. Mahaifiyata tana da raunin zuciya, kuma likitanta ya umarta a riƙa auna ta kowace safiya, idan nauyinta ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3 a kawo ta ba tare da jiran ranar ganin likita ba, domin ruwa yakan fara taruwa kafin numfashi ya fara wuya. A wannan aiki sikelin ya biya kuɗinsa har da riba, domin saurin ganin ruwa, wanda ke wahalar da mai rage ƙiba, shi ne ainihin abin da ake bukata a nan. Wani mako lambar Inna ta yi ta hawa kwana bayan kwana ba ta sauka, muka kai ta, aka gyara mata magani tun tana tafiya da ƙafarta. Bambancin da na koya shi ne ruwan gishiri da na shinkafa yana hawa ya sauka, na ciwo kuwa yana hawa ya zauna ko ya ci gaba. Idan aka danna ƙwauri da yatsa ramin ya tsaya, ko fuska da fatar ido suka kumbura da safe, ko fitsari ya ragu ko ya riƙa kumfa, ko mutum ya kasa kwanciya sai an tara masa matasai, ko ƙafa ɗaya kaɗai ta kumbura tana ciwo, to maganar ta bar hannun sikeli ta koma Asibitin Sir Yahaya ko asibiti mafi kusa. Mai ciki da ta haura makonni 20 ta ga nauyi ya yi tsalle tare da kumburin fuska da hannu da ciwon kai, a yi mata awon hawan jini a ranar, saboda hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga. Mai jego ma haka, domin ciwon zuciya na bayan haihuwa ya yawaita a arewacin Najeriya, kuma kumburi da haki a wannan lokaci ba ƙibar jego ba ce. Wasu magunguna ma suna tara ruwa, irin su amlodipine na hawan jini da ke kumbura idon sawu, da diclofenac da ibuprofen na ciwon jiki, da prednisolone da dexamethasone, kuma wanda likita ya rubuta wa ɗaya daga cikinsu sai ya koma ya faɗa masa, kada ya yanke da kansa.

Ga tsofaffi sikelin yana da nasa cikas. Gilashin yana da santsi idan ƙafa da danshi, faɗinsa kaɗan ne ga mai jiri, kuma lambar tana ɓacewa da wuri kafin mai raunin gani ya sunkuya ya karanta. Mun ajiye shi kusa da bango don Inna ta dafa wajen hawa, ta saki kafin ya tsayar da lamba, wani kuma ya tsaya ya karanta mata.

Ta fuskar ƙarko, har yanzu bai ba mu matsala ba, sai dai ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin ƙafafunsa, ana bukatar a riƙa gogewa, kuma idan batir ya fara rauni lambar takan yi yawo tun kafin alamar batir ta fito. Duk lokacin da aka ɗaga shi aka sauya masa wuri, sai a taka shi sau ɗaya a sauka, a bari ya koma sifiri, sannan a hau na gaske. Wanda zai saya don rage ƙiba ko don jinyar mai ciwon zuciya ko ƙoda, shawarata ya ɗauki marar awon kitse, mai manyan lambobi da faɗin taka, ya sayi littafi da tef ɗin tela da rarar kuɗin. Kafin ya biya, ya sa a ɗora shi a kan simintin shagon, ya hau, ya sauka, ya sake hawa da gorar ruwa a hannu, kuma ya duba ƙafafun nan huɗu ya tabbatar babu wadda take rawa ko ta rasa robarta.